Wasiƙa zuwa ga ɗana kan bindigarsa ta farko

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Saƙonka ya iso, na ji ka tara kuɗin bindigar farauta. Ban hana ka ba, amma kar ka miƙa wa kowa ko dala sai ka gama karanta wannan.

Fara da takardu. Izini biyu ne: na riƙe bindiga, daga ma'aikatar cikin gida, da na farauta, wanda ma'aikatan gandun daji ke bayarwa bisa dokar farauta ta Nijar ta 1998. Ka tambaye su ko an buɗe lokacin farauta, da irin naman da aka halatta. Gandun Gadabeji kam ba a harbi a cikinsa sam. Ka kuma san halin da ake ciki wajen Madarumfa da Gidan Rumji: wanda jandarmomi suka tarar da bindiga ba takarda, ba mafarauci za su ɗauke shi ba.

Kar ka sayi karabin, mai fitar da ƙwaya ɗaya. Ko ƴar ƙaramar nan .22, in ka kuskure, ƙwayarta na iya wuce kilomita ɗaya da rabi, ga ƙasarmu shimfiɗe, bayan kowace sabara akwai makiyayi ko mai roron wake. Abin da za ka riƙa tayarwa zabon daji ne, fakara, hasbiya da zomo. Waɗannan aikin kaliba 12 ne, bindiga mai watsa ƙwayoyin darma, mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a sa harsashi, irin Baikal ta Rasha. Nauyinta wajen kilo 3, harsashinta bai da wuyar samu, kuma wanda ya san harbi ɗaya gare shi ba ya gaggawar taɓa kunama. Adakar maƙera ka bar ta duk arharta, ba wanda ya gwada ƙarfin bututunta.

In ta hannu za ka saya, nan ake cutar sabon shiga. Karya ta, ka tabbata ba komai ciki, ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa. Cikinsa ya zama sumul yana sheƙi. Ramukan tsatsa, ko wani baƙin zobe a tsakiya, ajiye ta: zoben alamar kumburi ne, an taɓa harbawa alhali rairayi ya toshe bakin. Rufe ta, cire katakon gaba, ka riƙe ta ka girgiza. In bututun na motsi a mahaɗa, ta saki, gyaranta zai ci fiye da ragin da aka yi maka. Duba katakon gindi daidai inda ya haɗu da ƙarfe, nan yake fara tsagewa. Lambar jikinta ta yi daidai da ta takarda, harafi da harafi.

A jikin bututun za ka ga 12/70 ko 12/76. 70 ko 76 ɗin nan tsawon harsashin da take ɗauka ke nan da milimita. Na 70 yana aiki a mai 76, amma na 76 a mai 70 zai shiga, ta rufu kamar lafiya, sai bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, matsi ya yi yawa. Ka riƙe wannan da kyau, ɗana, idanu da yatsu ake rasawa a kai.

Sai dacewa da jiki. Rufe ido, kai ta kafaɗa, kunci a kan katako, sannan ka buɗe. Ɗan ƙullin saiti ya kamata ka gani a tsakiya. In sai ka miƙa wuya ko ka karkata kai, ba taka ba ce.

Harsashi mai lamba 6 ya isa fakara da hasbiya, lamba 4 ga zomo da zabo. Lamba na raguwa, ƙwayoyin darma na ƙara girma. Kafin ka shiga daji, kafa kwali a gindin tudu, ka ja taki 30, ka harba ka ga yadda ƙwayoyin suka watsu. Bayan mita 35 rauni kawai za ka yi wa dabba ta je ta mutu a ɓoye, mushe. Wuƙa mai kaifi na jikinka, don yanka abin da ka tarar da rai.

Lokacin hunturu man shafawa kaɗan za ka sa wa bindigar, mai yawa ƙura yake tarawa. A gida bindiga a karye, a kulle, harsashi a wani akwatin dabam, makulli a wurinka. In ka ga wadda ta kwanta maka, kar ka biya, aiko min lambarta da hoton cikin bututun tukuna.

Allah ya tsare,
Mahaifinka
Maradi