Ku koma bayan ruwa ya janye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da ɗan ƙorafi kan yadda kuke kawo labarin mahaukaciyar guguwa. Duk shekara, daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da take tasowa daga tekun Atlantika ta afka wa Amurka da tsibiran Karibiyan, nakan bi rahotanninku, kuma a ranakun farko ba kwa gazawa. Muna jin ƙarfin iska, muna ganin rufin da ya kwaye da adadin waɗanda suka rasu. Sai dai da an yi mako guda kun tattara kun tafi, alhali a lokacin ne wahalar take kankama.

Ku duba guguwar Maria da ta faɗa wa tsibirin Puerto Rico a Satumban 2017. Daga baya hukuma ta amince da ƙiyasin mutum 2,975 da suka rasu, kuma da yawansu ba iska ce ta kashe su ba. Rashin lantarki da magani da ruwa mai tsabta ne ya ɗauke su a watannin da suka biyo baya, don sai da aka yi kusan wata 11 kafin wuta ta dawo ko'ina. Wa ke tare da mutane a irin wannan tsakani? Sau da yawa majami'u ne da masallatai da ƙungiyoyinsu na agaji, kuma labarinsu ne ba na ji daga gare ku, in ban da hoton wani yana miƙa kwali.

Aikin ya fi miƙa kwali nisa. Bayan guguwar Camille ta 1969, ƙungiyoyin sa-kai na Amurka sun ga yadda kowa ya kai abu iri ɗaya wuri ɗaya, wasu yankunan kuma ko ƙyalle ba su samu ba. Shi ya sa a 1970 suka kafa inuwa guda, National VOAD, suka raba aiki. 'Yan ɗarikar Baptist na kudu, masu rawayar riga, sun shahara da girki: sukan kafa manyan tukwane su dafa abincin dubban mutane, Red Cross ta ɗauka ta raba. Kiristoci 'yan ɗarikar Adventist su ne masu tsaron sito, su tantance kayan da aka bayar. Kiristoci 'yan ɗarikar Mennonite kuwa sai kowa ya watse suke zuwa da guduma da zarto, su sake gina gidaje, wani wurin su shekara biyu ko fiye. Akwai kuma aikin da ba mai son ɗaukar hotonsa: kwashe laka daga ɗakuna da ɓamɓare allunan bango da suka jiƙe, domin cikin kwana biyu funfuna ke fara kama gida.

A Agustan 2017, da guguwar Harvey ta nutsar da birnin Houston na jihar Texas ana dab da Babbar Sallah, masallatan birnin da dama sun buɗe ƙofa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba suka kwana a kan darduma ɗaya. A makon nan ne kuma wani katafaren coci ya sha suka kan jinkirin buɗe tasa ƙofar, abin da ya nuna cewa jama'a na sa ran wurin ibada ya zama mafaka. Abin mamaki, a lokacin dokar hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ba ta ba wuraren ibada tallafin sake gini ba. Sai da coci uku na Texas suka kai ƙara, sannan a Janairun 2018 aka sauya tsarin.

Ba ina cewa ku yi musu kirari ba ne. Akwai abin tambaya. Wanda ruwa ya cinye masa gida ba ya da bakin cewa a'a, don haka duk ƙungiyar da ta sa sauraron wa'azi ya zama kuɗin shiga layin abinci ta ci zalinsa, ko wane addini take bi. Ku tambaye su kai tsaye. Ku kuma tambayi inda kuɗin da aka tara bayan salla ko a taron Lahadi ya shiga, nawa ya isa hannun mabuƙata. Sai batun tsofaffin tufafi da masu ibada ke son tarawa su aika. Ma'aikatan agaji har "masifa ta biyu" suke kiransu, don sukan cika sito su tare hanyar ruwan sha da magani, a ƙarshe a zubar. Kuɗi ya fi amfani.

Roƙona shi ne, guguwa ta gaba in ta wuce, ku sa wakilinku ya rubuta ranar a littafinsa, bayan wata shida ya koma unguwar. Ya faɗa mana rufin da har yanzu tamfol ne a kansa, da waɗanda ya tarar suna aiki a wurin.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai bibiyar labaranku