Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Sufurin Jiragen Sama Kan Ciwon Bayan Ma'aikatan Cikin Jirgi

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne a kan ma'aikatan cikin jirgi waɗanda ciwon baya ya zame musu ƙarfen ƙafa. Roƙonmu shi ne ku wajabta wa kamfanonin jiragen sama su tanadar musu motsa jiki haɗe da zaman gyaran tunani da masanin halayyar ɗan Adam, kuma kada wanda ya faɗi ciwonsa ya rasa aikinsa.

Keken abinci idan ya cika maƙil yana iya kaiwa kilo 90, kuma sau da yawa ana fara tura shi jirgi bai gama hawa ba, daɓen yana da gangara. Ma'aikaciya ta sunkuya ta zaro tire daga can ƙasa, ta murɗa ƙugu ta miƙa wa na kujerar taga, haka layi bayan layi. Ga ɗaga jakar fasinja sama da kafaɗa, ga barcin da sauyin lokaci ya wargaza. Ƙarancin barci kuwa yana ƙara wa jiki jin zafi.

Ciwon da ya wuce wata 3 ya zama daɗaɗɗe, kuma a nan ake yawan kuskure: a ɗaura bel ɗin tallafar baya a ƙugu, a kwanta, a sha ƙwaya. A watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta kan wannan ciwo. Ta goyi bayan motsa jiki da gyaran tunani, ta ce a guji bel ɗin ƙugu da magunguna irin su tiramadol. Wannan ya fi muhimmanci a sama, domin mai jin magagin ƙwaya ba zai iya fitar da fasinjoji cikin daƙiƙa 90 ba idan hatsari ya auku.

Motsa jikin ba ya buƙatar na'ura, ɗakin otal ya isa. Mutum ya kwanta rigingine, ya lanƙwashe gwiwoyi, ya ɗaga ƙugu ya riƙe daƙiƙa 5, sau 10. Ya durƙusa kan tafin hannu da gwiwa, ya miƙe hannun dama da ƙafar hagu tare ba tare da ƙugu ya karkata ba, sau 8 kowane ɓangare. Ya tsuguna ya tashi da jaka mai kilo 5 a ƙirji, ana ƙara nauyin mako-mako. Sau uku a mako, na mako 12, tare da tafiyar ƙafa ta minti 30. Zafi kaɗan lokacin atisayen ba laifi ba ne, muddin ya lafa kafin awa 24. Idan bai lafa ba, a rage nauyin, kada a daina.

Abin da ke rusa shirin shi ne tsoro. Wanda ya yarda cewa bayansa ya lalace zai daina sunkuyawa, ya riƙa tafiya a sandare, tsoka ta raunana, ciwon ya ƙaru. Wani kuma ranar da ya ji sauƙi sai ya yi aikin kwana uku, ya kwanta kwana biyar. Wannan ne aikin masanin halayyar ɗan Adam: a zama 6 zuwa 8 ya koya masa bambanta zafi da rauni, da raba aiki daidai ƙarfinsa, da komawa sannu a hankali ga motsin da yake gudu. Ba cewa ake ciwon ƙarya ne ba. Ciwon gaskiya ne, fargaba ce ke hura masa wuta.

Amma wanda ƙafarsa ta fara mutuwa, ko ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko tsakanin cinyoyinsa ya daina ji, asibiti ya kamata ya nufa nan take.

Mai girma Minista, ma'aikacin da yau yake nan gobe yana wata nahiya ba zai iya zuwa asibiti duk Talata ba. A ba da damar yin zaman ta bidiyo, a sanya shi cikin jadawalin aiki. A hana fara rabon abinci sai jirgi ya daidaita, a riƙa duba tayoyi da birkin kekuna, a sa mutum biyu kan keken da ya cika. Wanda ya dawo daga jinya a fara masa da gajerun tafiye-tafiye. Bayanan lafiyarsa kuma su tsaya wurin likita, kada su kai teburin mai tsara jadawali.

Naku,
Wasu likitocin fisiyo (masu jinya ta motsa jiki) da masana halayyar ɗan Adam