Kashi 15 na wace ribar?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka.

Ni ƙaramin shagon kayan masarufi gare ni a Kano, kuma abin da ya sa na ɗau waya nake rubuto maka shi ne sabuwar dokar harajin nan da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki farkon 2026. Kowa surutunsa kan albashi ne da asusun banki, ni kuwa inda ya ja hankalina shi ne inda aka ce manyan kamfanonin ƙasa da ƙasa sai sun biya aƙalla kashi 15 cikin 100 na ribarsu. Abu ya yi kyau, amma dan Allah wace ribar?

Mu dai ba a tambayarmu riba. Wannan ya zo da rasit na shara, wancan na allon shago, wani ma wallahi har ya tafi ba ka gane kuɗin me ya karɓa ba, ka yi gardama a sa wa ƙofa kwaɗo ka tsaya a waje kana ba da haƙuri a shagonka. Rannan tun safe ban yi cinikin dubu biyar ba amma sai da na biya.

Su manyan ba ruwansu da gardama, akantoci ke musu aikin a cikin sanyin AC. Kamfani yana nan yana cinikinsa lafiya lau, sai ya ce ai sunan da yake amfani da shi mallakin wani reshensu ne da ke Holan ko tsibirin Morishus dole ya biya kuɗin suna, sannan ya ci bashi wurin uwar kamfanin da ruwa mai tsada, ga kuɗin "shawarwari" da ake turawa waje duk wata, kafin a zo lissafin ƙarshen shekara riba ta tsiyaye saura ɗan abin da ba a rasa ba. Kamar in sayar wa ƙanena buhun shinkafa a rabin kuɗi ne, shi ya kai wani gari ya sayar da tsada, ni kuma in zauna ina ce wa mai haraji faɗuwa nake. Alhali da daddare tare za mu ƙirga kuɗin.

Ka duba Apple, kamfanin Amurka mai yin wayar iPhone, a ƙasar Ayalan. A 2016 hukumar Tarayyar Turai ta ce harajin da wani reshensa ya biya a 2014 bai wuce kashi 0.005 cikin 100 ba, ta ce a karɓo Yuro biliyan 13, amma sai Satumban 2024 babbar kotunsu ta yanke hukuncin ƙarshe. Shekara takwas fa, Turai guda da duk lauyoyinta! To ina ga mu. Tun 2015 kwamitin Thabo Mbeki, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, ya ce Afirka na asarar sama da dala biliyan 50 duk shekara ta haramtattun hanyoyin fitar da kuɗi, kuma kaso mafi tsoka ta hannun kamfanoni yake fita.

Gaskiya na yaba wa Najeriya da ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar harajin manyan kamfanoni ta 2021 da OECD, ƙungiyar ƙasashe masu arziki, ta shirya, ta ce ba ta ga ribarta a ciki ba, ta kuma jagoranci ƙasashen Afirka aka kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma a gida ma ai akwai aiki.

Roƙona Malam Edita, ku tura wakilinku wurin masu tattara harajin ƙasa ya tambaye su ma'aikata nawa gare su da suka iya bin diddigin cinikin da kamfani ke yi da 'yan uwansa na waje, kuma me zai hana a riƙa wallafa abin da kowane babban kamfani ya samu a nan da abin da ya biya. Ni nawa rasitan suna nan a leda ƙarƙashin kanta, duk mai son gani ya zo.

Naku,
mai karatunku daga Kano