Wasiƙa daga Tawa a kan lalurar Autanmu

Tawa, daren Lahadi.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na san ka ƙullace ni saboda shirun da na yi tun ƙaramar salla, kodayake kai ma alƙalaminka ba ya gajiya da hutu. Lalurar Autanmu ce ta ɗauke mini hankali.

Ka san shi tun yana ƙarami, ka san yadda 'yan unguwa suke kiransa ɗan daudu. Bana da rani wasu samari suka tare shi a bakin kasuwa suka yi masa ature, daga nan ya daina fita, barci ya ƙaurace masa, kwanon tuwonsa yana komawa madafa yadda aka kawo shi. Inna ta karɓo masa rubutu, Kawu kuma ya dage cewa aure ne maganinsa. Ranar da ya ce mini da ya mutu da kowa ya huta, a ranar na yanki tikitin Yamai.

Muka wuce Ƙonni, Dogon Dutse da Doso bai ce uffan ba. A Babban Asibitin Yamai, da ya ga Pavillon E, sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, muka nufa, sai ya toge a ƙofa yana cewa shi ba mahaukaci ba ne. Likitar ta lallashe shi, ta bar ni a waje, ta saurare shi kusan awa guda. Ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ta rubuta magani, ta ja kunnenmu cewa sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Cikin jin nauyi na tambaye ta ko akwai allurar da za ta gyara masa hali. Ta ce tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, tsangwama da kaɗaici ne suke cinsa. Abin da ya faɗa mata kuwa sirri ne, ko ni ba za ta gaya wa ba.

Ban gama warware lamarin a zuciyata ba, amma ciki ɗaya muka fito, kuma yanzu yana barci har asuba. Roƙona shi ne ka kira shi ranar Juma'a, domin yana ganin girmanka. Kada ka yi masa wa'azi, ya sha shi ya ƙoshi. Ka tambaye shi labarin tantabarunsa.

Ka gaida amarya. Naka har kullum.