Godiya ga Sashen Haƙori na Asibitin Sir Yahaya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga likitoci, ma'aikatan jinya da duk masu aiki a sashen haƙori na Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ni manomin albasa ne daga Aliero, shekaruna 41. Na so in yi muku wannan godiya baki da baki, amma ranar da kuka sallame ni na bar mutane zaune a benci, kowa ya dafe kunci yana jiran a kira shi, sai na ga bai kamata in tsayar da ku ba. Shi ya sa na rubuto a fili, don ku gani, wanda ke kwance da irin ciwona shi ma ya gani. Yaba kyauta tukwici.

Abin ya faro ne daga turmina na ƙarshe, na ƙasa, ɓangaren hagu. Tun fitowarsa a karkace ya fito, abinci na maƙalewa a bayansa, ya yi ciwo ya lafa, ya sake tashi, har shekaru. A hunturun da ya wuce ya hana ni barci kwana uku a jere, sai aka kwatanta mini wani wuri a wani gari kusa da mu, aka ce ana cire haƙori nan take. Ba zan ambaci wurin ba, ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. An yi fiye da awa ɗaya ana fama, na ji ƙas, haƙorin ya karye, aka ci gaba da tono. Daga ƙarshe aka cusa mini auduga aka ce an gama. Ba wanda ya gaya mini abin da zan yi ko abin da zan bari. Da na isa gida na yi ta kurkure baki da ruwan zafi ina tofarwa, a zatona tsafta nake yi.

Kwana biyu na ji dama-dama. A na uku ne ciwon ya zo, kuma ya fi na haƙorin da aka cire nesa ba kusa ba. Daga ramin yake tasowa, ya bi muƙamuƙi ya shiga kunne, ya hau gefen kai, ya dawo ya tsaya a ƙarƙashin ido. In iskar asuba ta shiga bakina a hanyar masallaci sai in ji kamar an soka mini tsinke a ƙashi. Bakin ya ƙi buɗuwa, yatsu biyu ba sa shiga. Ga wani wari da ni kaina nake ji. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne leɓena na ƙasa da gefen haɓa: sun mutu, in na taɓa kamar fatar wani nake taɓawa, in na sha kunu ya zubo ban sani ba sai uwargida ta nuna mini. Lokacin ban ruwa ne, ga albasa a fadama tana jira, ni kuwa ina ɗaki na naɗe fuska da rawani.

Kowa ya kawo tasa shawarar, kuma duk don ƙauna. Mahaifiyata ta ce sanyi ne ya shige ni. Wani ya ce ciwon kunne ne, wani ya ce ciwon ɓarin kai. Na sha ƙwayoyin kyamis kala-kala har cikina ya fara zafi. A rana ta takwas ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ya wuce gida," ya sa ni a mota muka bi ta Jega da Kalgo muka shigo Birnin Kebbi.

Nas ɗin da ta karɓi katina ta dubi yadda nake riƙe da kunci, ta ce, "Sannu Malam, an cire maka haƙori ne kwanan nan?" Tun daga wannan tambaya na ji na zo wurin da aka san ciwona. Likita kuma bai fara da ƙarfe ba, da tambaya ya fara. Yaushe aka cire? Yaushe zogin ya soma? Ina shan sigari? Wane magani na sha, guda nawa a rana? Maganata ba ta fita sosai, amma ya jira ni har na kai aya. Sannan ya duba bakin a hankali, ya tura ni ɗaukar hoto.

Bayanin da ya yi mini bayan hoton ya fito shi ne abin da na fi so in gode muku a kansa, don har yau ina tuna shi kusan kalma da kalma. Ya ce in an cire haƙori, jini ne ke taruwa ya daskare a cikin ramin, wannan gudan jinin shi ne murfin da ke rufe ƙashi har nama ya tsiro. In ya fita da wuri, ko ya narke, sai ƙashi ya zauna a buɗe, iska da abinci su riƙa taɓa shi. Galibi tsakanin kwana biyu zuwa huɗu ciwon ke bayyana, kuma an fi ganinsa a turamen ƙasa, musamman in an sha wahalar cirewa. Kurkure baki da ƙarfi a ranar farko, yawan tofi da shan sigari duk suna iya jawo shi. Bai ce laifina ne ba. Cewa ya yi, "Ba a gaya maka ba, ta ina za ka sani?"

Na tambaye shi, to me ya haɗa ramin haƙori da ido da kunne? Sai ya jawo takarda ya zana mini fuska. Ya ce kowane ɓangare na fuska akwai babbar jijiyar ji guda ɗaya da ta rabu gida uku: reshe ɗaya ya nufi goshi da ido, ɗaya kunci da haƙoran sama, ɗaya muƙamuƙin ƙasa. Da yake tushensu ɗaya, ciwon da ke ƙasa sai mutum ya ji shi har kunne da gefen kai. Wani zare na reshen ƙasan kuma ta cikin ƙashin muƙamuƙi yake bi, dab da saiwar turame, ya fito ya ba leɓe da haɓa ji. An takura masa wajen tono, shi ya sa leɓena ya mutu. Ya kuma nuna mini a hoton guntun saiwar da aka bari a ciki. Mu mutanen Aliero an san mu da ɗori, daga nesa ake kawo mana masu karaya, don haka mun san bambancin hannun da ya san ƙashi da wanda ke lalube. A ranar na ga hannun da ya sani.

Aka wanke ramin da ruwan gishiri na asibiti, aka sa wani magani a ciki mai ƙamshin kanumfari. Na yi mamaki, na ce ashe abin da iyayenmu ke sa wa haƙori yana da asali. Ya ce ƙwarai, man da ke cikin kanumfari yana kwantar da zogi, sai dai wannan an auna shi, kuma sai an wanke wurin kafin a sa. Kafin mu wuce Kalgo a hanyar komawa na yi barci a mota, barcin da na yi kwanaki ban samu ba. Ya hana ni tarin ƙwayoyin da nake haɗawa, ya ce su ne ke ƙona mini ciki, ya rubuta mini abin da zan sha da lokacinsa. Sau biyu na dawo aka sake wanki. Da bakin ya fara buɗuwa, aka yi mini allurar kashe zafi aka fitar da guntun saiwar, aka ɗinke. A wannan karon kafin in tashi daga kujera nas ta jero mini: in danne auduga da haƙora, kada in kurkure baki sai bayan kwana ɗaya, daga nan ruwan ɗumi da gishiri a hankali, abinci mai laushi, kada in sa harshe ko tsinke a wurin. Ta sa na maimaita mata, sannan ta sake faɗa wa ƙanena.

Maganar leɓe kuwa, likita bai yi mini alkawarin da ba shi da iko a kai ba. Ya ce jijiya a hankali take warkewa, yakan ɗauki makonni ko watanni, wani lokaci kuma jin ba ya dawowa duka. In bai ga alamar sauƙi ba, zai rubuta mini takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wannan gaskiyar ta fi kwantar mini da hankali a kan a ce mini "ba komai." Duk zuwan da na yi sai ya ce in rufe ido, ya taɓa leɓen da 'yar auduga, ya tambaye ni ko na ji, ya rubuta. A mako na shida na fara jin kamar tururuwa na tafiya a haɓata. Na gaya masa cikin fargaba, ya yi murmushi ya ce albishir ne. Yau wata huɗu ke nan, jin ya dawo, sai ɗan wuri kamar faɗin farce a gefen haɓa da bai gama farfaɗowa ba.

Ina roƙon hukumomin lafiya na Jihar Kebbi su dubi wannan sashe su ƙarfafa shi, su kuma kai ƙwararrun haƙori asibitocin ƙananan hukumomi, don mutumin ƙauye ya samu inda zai je kafin ya faɗa hannun da bai dace ba.

Likita, ranka ya daɗe, da ke 'yar'uwa nas, da mai ɗaukar hoto, da dattijon da ke ba da kati, har da baiwar Allah mai shara da ta matsar mini da benci daga bakin iska ranar farko: Allah Ya saka muku da alheri, Ya ji ƙan iyayenku, Ya sa albarka a hannuwanku da zuriyarku. Babbar 'yata ta fara kukan turminta na ƙarshe, na riga na gaya mata inda za mu. In Allah Ya kai mu bayan an kwashe albasa za mu shigo tare, a duba nata, a kuma sake gwada haɓata da audugar nan.

Wassalam.

Naku mai godiya,
Wani manomi daga Aliero, Jihar Kebbi