Allon Uhuru kaɗai kuka nuna, ina sauran dutsen?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirin da kuka yi kan hawa dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya ya ɓata mini rai, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba. Daga farkonsa har ƙarshensa allon katakon nan na ƙololuwar Uhuru kuka yi ta nanatawa, mutane sun jeru a gabansa suna ɗaga hannu. Sannan baƙonku ya ce wai duk mai ƙarfin jiki kwana biyar sun ishe shi ya hau ya sauko, wai abin da ke tsakanin ƙofar shiga dutsen da ƙololuwa wahala ce kawai da ake daurewa don a samu hoto. Mai gabatarwa bai tanka masa ba, sai gyaɗa kai. Wannan magana ƙarya ce, kuma ƙaryar da za ta iya kashe mutum ce.

Na bi wannan dutse da ƙafata ta hanyar Machame, kuma ina gaya muku cewa Uhuru shi ne wurin da na fi ƙarancin gani. Mita 5,895 ne daga doron teku. Mutum yana isa can da sassafe bayan ya kwana yana tafiya cikin duhu, yatsunsa sun sandare, kansa yana sara, wasu suna layi a bayansa suna jiran ya matsa su ma su yi hoto. 'Yan mintoci kaɗan jagora zai ce a juya, domin iskar oksijin da ake shaƙa a wurin kusan rabin wadda ake samu a bakin teku ce. Akwai waɗanda muka sauko tare da ba su iya tuna abin da suka gani a can ba sai da suka duba wayoyinsu. Wannan ne wurin da kuka ba rabin shirinku.

Ina tudun Shira? Ko sunansa ban ji kun ambata ba. Bayan an fita daga dajin da ke ƙasa, wanda ruwa ke ɗiga daga ganyensa kuma birai masu baƙi da farin gashi ke tsalle a rassansa, itatuwa kan yi ta gajarcewa har su ƙare, sai mutum ya tsinci kansa a wani faffaɗan fili a kimanin mita 3,800. Shira tsohon dutse ne mai aman wuta da ya rufta, abin da ya rage shi ne wannan fili. Da yamma na zauna a bakin tanti, gajimare yana ƙarƙashin ƙafata, shimfiɗe iya ganin ido, sai kan dutsen Meru mai mita 4,566 ya huda shi ya fito daga yamma, rana tana faɗuwa ta wajensa. Da na waiwaya kuma ga Kibo, babban tsaunin Kilimanjaro da Uhuru ke samansa, da ƙanƙara a kansa ya yi ja. Wallahi ban iya magana ba, tasbihi kawai nake yi. Wanda aka gaya wa cewa hanya wahala ce kawai, zai iso nan a gajiye, ya shige tanti ya ja zif, duk wannan ya wuce shi.

Washegari ake hawa zuwa Lava Tower, wani tsayayyen dutse baƙi a kimanin mita 4,600, inda babu ciyawa sai duwatsu da iska. A nan ake cin abincin rana, daga nan kuma a gangara zuwa kwarin Barranco a kimanin mita 3,900 a kwana. Baƙonku da yake lissafin sauri zai ce wannan ɓata lokaci ne, a hau sannan a sauko. Alhali wannan hawa da saukar su ne ke koya wa jiki zama da ƙarancin iska: a yini a sama, a kwana a ƙasa. Gangaren kansa abin kallo ne da ban taɓa ganin irinsa ba. Wasu tsirrai ne dogaye, sun fi mutum tsayi, jikinsu lulluɓe da busasshen ganyensu da ke kare su daga sanyin dare, kansu kamar an ɗora kabeji. Suna tsaye cikin hazo, a samansu kuma ga ƙanƙarar kudancin Kibo tana reto a jikin dutse.

Sai bangon Barranco, wanda tsayinsa ya haura mita 250. Da hannu da ƙafa ake hawansa, ba a bukatar igiya, amma akwai inda sai mutum ya rungumi dutse kafin ya wuce. Idan aka kai samansa, to a nan ne ni a ganina dutsen yake nuna kansa gaba ɗaya. Kibo yana gabanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa, kwarin da ka kwana yana can ƙasa tantuna sun zama ƙanana, filin Tanzaniya kuma ya miƙe ta kudu idan gajimare ya buɗe. Jagoranmu ya nuna mana inda ya ce ƙanƙara take kaiwa lokacin da ya fara aiki, yanzu tsakuwa ce zalla. Masana sun auna, fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da ke kan dutsen a 1912 ta tafi. Da kun tsaya a wannan wuri da kyamararku, da masu kallo sun ga hakan da idonsu. Kun wuce shi a cikin daƙiƙu.

A kan wannan bango ne kuma na fi ganin 'yan dako. Mu muna rarrafe muna haki, su suna wuce mu da tantunanmu da tukwanenmu da abincinmu a ka, suna ce mana "pole pole", wato a bi sannu. Ƙa'ida ta ce kada kayan da ɗayansu zai ɗauka wa matafiya ya wuce kilo 20, ban da nasa na kansa. Su suke riga mu isa zango su kafa tanti su dafa ruwa. A shirinku ko fuskar guda ɗaya ba a nuna ba, sai ka ce baƙonku shi kaɗai ya hau da jaka a baya. Doka ma ba ta yarda kowa ya hau dutsen nan ba tare da jagora mai lasisi ba, wannan ma ba ku faɗa ba.

Yanzu bari in zo kan kwana biyar ɗin. Eh, akwai masu sayar da tafiyar kwana biyar, musamman ta hanyar Marangu, kuma sanannen abu ne cewa masu binta a haka sun fi kowa juyowa ba su kai ba. Ciwon tsauni yana fara kama mutane daga kimanin mita 2,500: ciwon kai, jiri, amai, rashin barci. Idan aka yi taurin kai aka ci gaba, ruwa kan taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma duka biyun suna kisa. Shawarar likitoci ita ce bayan an wuce mita 3,000 kada a ƙara fiye da mita 500 a tsayin wurin kwana daga dare zuwa dare. Ƙarfin jiki ba ya hana shi. Sau da yawa ma masu ƙarfin su suka fi faɗawa, domin su ke sauri.

Na ga wannan a zangon Barafu, sama da mita 4,600. Wani matashi ne daga wata tawaga, ƙaƙƙarfa, wanda kullum yake wuce kowa a hanya yana dariya. A daren da za a tashi zuwa ƙololuwa muka ji tarinsa daga tantin da ke kusa da namu, numfashinsa yana gurnani. Da aka fito da shi leɓɓansa sun canja launi, ba ya iya tsayuwa. Cikin duhu da sanyi 'yan dako suka yi ƙasa da shi a guje, domin babu maganin da ya kai saukowa. Har yau ina jin wannan tari a kunnena. Da na ji baƙonku yana cewa mai ƙarfi kwana biyar sun ishe shi, wannan yaro na tuna, kuma na tuna cewa akwai matasa irinsa da ke kallon tasharku suna yarda da duk abin da kuka faɗa.

Ko a daren ƙarshe ma, abin da ya fi kyau yana kafin Uhuru. Ana tashi wajen tsakar dare, fitilun garin Moshi suna can ƙasa, fitilun kan matafiya kuma sun yi layi suna hawa. Idan aka kai Stella Point a bakin ramin aman wutan da ke saman Kibo, kusan mita 5,750, sai alfijir ya keto ta bayan Mawenzi, tsaunin nan mai kaifin hakora da ya kai mita 5,149. Wanda jikinsa ya saba da iskar wurin zai tsaya ya kalla. Wanda aka yi gaggawa da shi kuwa yana durƙushe yana amai.

Wani abu kuma tunda na riga na ɗauki alƙalami: don Allah ku rage kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar masu magana. Ba a wannan shirin kaɗai ba, har a labaran kasuwanci da na lafiya. Masu shekaru ba sa jin abin da ake faɗa, sai an ƙure murya, ita kuma talla idan ta shigo sai ta fasa kunne.

Abin da nake nema shi ne ku sake shirin. Ku kawo likitan da ya san ciwon tsauni, ku nemi ɗaya daga cikin jagororin dutsen ko da ta waya ce, ku ba shi dama ya yi bayani a fassara. Ku nuna Shira da Barranco da Stella Point yadda ya kamata. Kuma ku fito fili ku janye maganar kwana biyar ɗin nan, a daidai lokacin da kuka yaɗa ta, kafin wani ya biya kuɗinsa a kanta.

Wassalam.
Mai kallon shirye-shiryenku.