Hannun Kawu

Ango,

Assalamu alaikum. Ya amarya, ya zafin Sakkwato? Tun da aka shafa fatiha ka yi ɓatan dabo, wata huɗu ko gaisuwa babu. Bari in fara da abin da ya hana ni barci.

Kawu ne. Ka tuna littafinsa na bashin albasa a kasuwar Mile 12 ta nan Legas, baƙaƙe manya-manya kamar na allo? Yanzu rubutun ya ƙanƙance kamar sawun tururuwa. In ya ɗora hannun dama a gwiwa sai ka ga babban yatsa da manuniya suna murza juna kamar yana jan carbi, alhali babu carbin. Da ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi sai rawar ta lafa. Inna ta ce sammu ne, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Da ƙyar na lallaɓa shi muka ga likitan ƙwaƙwalwa, ya ce cutar Parkinson ce. An ɗora shi kan levodopa, kuma alhamdu lillahi yanzu shi ke sa maɓallin rigarsa da kansa. Sai dai likitan bai ɓoye mini ba, maganin gurbin sinadarin dofamin kawai yake cikewa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke samar da shi suna ci gaba da mutuwa.

To me ke kashe su? Wannan tambayar ce ta mayar da ni ga darasinmu na bayokemistiri (ilimin sinadaran jikin masu rai) na aji uku, wanda kai kake barci a bencin baya har Malam ya haddace sunanka. A nan na ci karo da aikin Richard Youle, wani mai bincike a cibiyar nazarin cututtukan jijiya ta gwamnatin Amurka da ke Bethesda. Ka san maitokondiriya su ne janareton ƙwayar halitta, kuma ƙwaƙwalwa, da ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, ita ke shan kusan kashi 20 na makamashi. A 1997 Youle da mutanensa suka liƙa wa wani furotin mai suna Bax alama mai haske, suka zuba masa ido ta madubin ƙara girma. Suka ga yana zaune lafiya a ruwan ƙwaya, amma da lokacin mutuwarta ya yi sai ya tattara ya koma jikin janareton. Can ne yake huda shi, abin ciki ya tsiyayo, ƙwayar ta kashe kanta.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne bincikensu na 2008. An riga an san cewa lalacewar wani furotin mai suna Parkin na jawo cutar Parkinson ga masu ƙananan shekaru a wasu dangi, amma su suka nuna Parkin yana zaɓen janareton da ya lalace ne kaɗai ya manne masa. Daga baya aka gane wani furotin, PINK1, shi ke taruwa a kan lalataccen janareton ya kira Parkin. Kamar yadda ake shafa jan fenti a gidan da za a rushe a nan Legas, haka ake yi wa lalataccen janareton alama, ƙwaya ta haɗiye shi ta narkar. In mai shafa fentin ya gaza, lalatattu su yi ta taruwa suna fitar da guba. A 2021 aka ba Youle babbar kyautar kimiyya ta Breakthrough, ta dala miliyan 3. Ni haƙurinsa ne ya burge ni, shekaru yana bin sawun abu guda bai gaji ba.

 

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ashe a nan ƙofar gidanmu Idi-Araba ma ana wannan aiki. Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas tana cikin jagororin binciken da ya fito a 2023, wanda ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar ga 'yan Afirka. GBA1 ɗin nan kuwa a sashen narkar da sharar ƙwaya yake aiki. Kullum ina wuce katangar su Farfesar zuwa masallaci!

Na yanke shawarar neman digiri na biyu a wannan fanni. Don Allah ka je wurin Malam da kanka ka roƙa mini takardar shaida, kada ka yi masa waya, ka san halinsa. Kawu yana gaishe ka, ya ce har yanzu yana jiran kilishin da ka yi masa alkawari ranar ɗaurin aure. Ka sa shi cikin addu'a.

Naka,
Mutumin Idi-Araba